Tsohon Birnin Jidda da Gine-ginensa na Tarihi

Gabatarwa

Bahaushe ya san sunan Jidda tun kafin ya san inda garin yake. A ƙasar Hausa, yarinyar da aka raɗa wa suna Hauwa'u akan yi mata laƙabi da Jidda ko Maijidda, saboda wata tsohuwar ruwaya da ke cewa a wannan gari aka binne Nana Hauwa'u, matar Annabi Adamu (AS). Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da kalmar Larabci "jadda", wadda ke nufin kaka. Wasu masana lugga kuwa suna ganin asalin sunan shi ne "judda", wato gaɓar teku. Wannan ra'ayi na biyu ya fi kusa da hankali, domin kuwa rayuwar garin kacokan a kan teku ta dogara tun fil azal.

Kowace shekara dubban alhazai daga Nijeriya da Nijar suna ratsa Jidda, amma abin da akasarinsu ke gani bai wuce filin jirgin sama da motocin jigila da kantunan tsaraba ba. Wasu ma sukan shiga kasuwannin tsohon garin, wanda mutanen can ke kira Balad, su gama cinikinsu su fito ba tare da sun ɗaga kai sun dubi benayen da ke yi musu inuwa ba. Alhali kuwa waɗannan benaye su ne suka sa Hukumar UNESCO ta sanya unguwar a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2014. Wanda ya san abin da zai duba, zai iya karanta tarihin fatauci da aikin hajji na ɗaruruwan shekaru a jikin bangayensu.

Yadda Garin Ya Kafu

Jidda tana gaɓar gabas ta Bahar Maliya, kimanin kilomita 75 yamma da Makka. Ba ta da kogi, ba ta da ƙasar noma, ruwan sama kuma ba ya sauka sai jefi-jefi. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne shawarar Halifa Usman ɗan Affan (RA), wanda a shekara ta 26 bayan Hijira, wato wajen 647 Miladiyya, ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a maimakon Shu'aiba. Tun daga lokacin, duk abin da zai je Makka ta teku, mutum ne ko hatsi ko tufa, sai ya sauka a nan.

Kada mai karatu ya zaci tun farko garin yake da benaye. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, wanda ya sauka Jidda a shekarar 1183, ya tarar da mafi yawan gidajenta bukkoki ne, sai 'yan masaukai na dutse da laka. Ganuwar da ta ba garin siffarsa an gina ta ne a farkon ƙarni na 16, lokacin da jiragen yaƙin Fotugal suka zagayo Afirka suka fara barazana ga Bahar Maliya. Sarkin Masar na lokacin, Kansuh al-Gauri, ya tura wani kwamanda mai suna Husaini al-Kurdi ya kewaye garin da ganuwa. A shekarar 1517 rundunar Fotugal ta iso gaban Jidda, amma ta kasa shiga, ta juya. A wannan shekarar ce kuma Turkawan Daular Usmaniyya suka ci Masar, Hijaz ta koma ƙarƙashinsu.

Ganuwar ta tsare garin, ta kuma matse shi. Sama da shekara ɗari huɗu jama'a na ƙaruwa a cikin fili ɗaya wanda mutum zai ratsa da ƙafa cikin 'yan mintoci. Da aka buɗe mashigin ruwa na Suwez a shekarar 1869, jiragen ruwa masu inji suka fara zirga-zirga tsakanin Turai da Indiya ta Bahar Maliya, alhazai suka ninka, attajiran Jidda suka yi kuɗi. Tun da babu filin da za a faɗaɗa gida, sai aka miƙe sama. Mafi yawan manyan benayen da maziyarci zai gani a yau, masu hawa huɗu zuwa shida, 'ya'yan wannan zamani ne, wato ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. An rushe ganuwar a shekarar 1947. Ƙofofin da ake ɗaukar hoto a gabansu yanzu, irin su Bab Makka da Bab Jadid, sake gina su aka yi daga baya domin tunawa.

Dutsen Teku da Katakon Ƙetare

Abu na farko da ya kamata maziyarci ya yi shi ne ya nemi bangon da yaɓensa ya zube, ya matsa kusa da shi. Zai ga dutse fari-fari mai 'yan ramuka kamar soso, wani lokaci har da ɓawon ƙananan halittun ruwa a maƙale. Wannan shi ne dutsen murjani, wanda maginan Jidda ke kira "manƙabi". Asalinsa ƙwarangwal ne na wasu ƙananan halittun teku da suka taru bisa juna shekaru aru-aru har suka zama dutse. A bakin teku ake haƙo shi, musamman a kewayen tafkin Arba'in da ke arewa da tsohon garin, a sassaƙe shi kamar bulo. Lakar da ake ɗora shi da ita ma daga ƙasan tafkin ake kwaso ta.

Dutsen yana da kirki ta fuska biyu: ba shi da nauyi, kuma ba ya saurin ɗaukar zafi. Aibinsa shi ne rauni. Yana shan danshi, gishirin iskar teku na cin sa, kuma idan aka jibga masa nauyi sai ya tsage. Magina sun magance wannan ta hanyoyi uku. Sukan yi bangon ƙasa da kauri sosai, yana sirancewa yayin da ginin ke hawa. Sukan shafe shi da farar ƙasa domin kare shi daga laima. Dabara ta uku, wadda ta fi ban sha'awa, ita ce shimfiɗa katako a kwance cikin bangon bayan kowane 'yan layuka na dutse, kimanin mita guda tsakanin wannan da wancan. Suna kiran waɗannan katakai "takalil". Aikinsu shi ne raba nauyi daidai wa daida, da ɗaure bangon idan ƙasa ta ɗan nutse. Haka kuma idan dutse ya ruɓe a tsakiya, magini zai iya tallafe katakon da ke sama, ya zare ruɓaɓɓen ya sa sabo ba tare da ya rushe ginin ba. Wanda ya taɓa ganin yadda maginin Hausa ke jera azara a cikin ginin soro ba zai sha wahalar fahimtar hikimar ba.

Sai dai Hijaz ba ta da dajin da za a saro irin wannan katako. Dutse da laka da farar ƙasa kaɗai ƙasar ta bayar, sauran duk jirgin ruwa ne ya kawo. Katako mai daraja, wanda Larabawa ke kira "saj", daga Indiya da tsibiran Indonesiya yake zuwa, shi ya sa mutanen Jidda ke ce masa "jawi", wato ɗan tsibirin Jawa. Ke nan yawan katakon da ke fuskar gida shi ne ma'aunin arzikin mai gidan, kamar yadda adon da ke fuskar zaure yake nuna matsayin mai shi a biranen Hausa na dauri.

Roshan

A nan ne ya dace maziyarci ya daɗe. "Roshan", jam'insa "rawashin", wata irin taga ce ta katako da ke turo kai waje daga jikin bango, ta yi rumfa a kan hanya. Kalmar daga Farisanci ta shigo Larabcin Hijaz, kuma tana da alaƙa da ma'anar haske. Kiran ta taga ma rage mata daraja ne, domin ƙaramin ɗaki ce: a cikinta akwai dakali mai faɗin da mutum zai zauna ya miƙe ƙafa, ko ma ya kwanta. A wasu gidaje roshan ɗaya ce ke tashi tun daga hawa na farko har zuwa na ƙarshe, ta rufe fuskar gidan gaba ɗaya, ta yadda mai kallo daga ƙasa ba ya ganin dutse sai katako.

Jidda gari ne mai zafi da gumi. A irin wannan yanayi kaurin bango kaɗai ba ya wadatarwa, dole sai iska ta ratsa ɗaki. Iskar da ta fi kaɗawa a garin daga arewa maso yamma take zuwa, ta kan teku, kuma roshan, da yake ta fito waje, tana tarar ta ta gaba da ta gefe biyu. An yi mata ƙananan marufai masu yawa waɗanda ake ɗagawa ko saukewa ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon inda rana take. Akan kuma jera tulunan ruwa na yumɓu a bakinta, iska ta bi ta kansu, ruwan ya yi sanyi, iskar ma ta shigo da ɗan sanyi. Ga kuma sutura: matan gida suna zaune a ciki suna ganin duk abin da ke gudana a titi, mai wucewa kuwa ba ya ganin kowa. Abu ɗaya ya haɗa aikin taga da fanka da randa da labule, ba tare da wutar lantarki ba. Da wuya a ce na'urar sanyaya ɗaki da ta maye gurbinsa ta fi shi hikima, ta dai fi shi sauƙi.

Tsarin cikin gidan ma bin iska yake yi. A ƙasa akwai mashiga mai sanyi da ɗakin baƙi maza, kwatankwacin zaure. Iyali suna hawa na tsakiya. A can ƙoli akwai ɗakin katako mai tagogi ta ko'ina da kuma fili marar rufi mai katanga, inda ake kwana lokacin bazara. A ƙarƙashin wasu gidajen akwai matattarar ruwa da ake tara ruwan sama daga rufi, domin ruwan sha shi ne babbar matsalar garin. A farkon ƙarni na 20 Turkawa suka kafa injin tace ruwan teku, wanda mutanen gari suka raɗa wa suna "kindasa", suna kwaikwayon sunansa na Turanci, kamar dai yadda Bahaushe ya samo "makaniki" da "sukurdireba". Ruwan bututu daga Wadi Fatima bai iso garin ba sai a shekarar 1947.

Unguwanni da Gidaje

Tsohon garin ya kasu unguwa huɗu. Unguwar Sham tana arewa, ta Yaman tana kudu, kowacce ta ɗauki sunan ƙasar da take fuskanta. Unguwar Bahar tana wajen teku, ko da yake tekun ya yi nisa da ita yanzu saboda cike gaɓar da aka yi aka gina sabon gari. Ta huɗu ita ce Mazlum, wato wanda aka zalunta, kuma ana danganta sunan da wani malami da hukumar Turkawa ta kashe a ƙarni na 18. Lungunan ƙanana ne, a karkace, benaye na yi musu inuwa kusan duk yini.

Gidan da ya fi shahara shi ne Gidan Nasif, a kan hanyar Kasuwar Alawi. Umar Nasif, wakilin Sharifin Makka a Jidda, shi ya gina shi tsakanin 1872 da 1881. Matakalarsa tana da faɗi, hawanta kuma a kwance yake, har ana cewa raƙumi kan hau da kaya zuwa sama. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. A garin da itace ya yi ƙaranci ita kaɗai ta isa kwatance, shi ya sa ake ce masa gida mai bishiya. A wannan gida Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan Jidda ta miƙa wuya gare shi a watan Disamba na 1925, abin da ya kawo ƙarshen mulkin Sharifai a Hijaz. Daga baya gidan ya yi suna da ɗakin karatun Shaihu Muhammad Nasif.

Sunayen sauran gidajen su ma darasi ne. Gidan Nur Wali, mai korayen rawashin, na zuriyar da ta fito daga ƙasar Indiya ne. Gidan Ba'ashin kuwa na mutanen Hadramaut ne da ke kudancin Yaman. Mai lura zai ga sunayen Hadramawa da yawa suna farawa da "Ba", kuma ɗalibin Hausa zai iya ɗokin haɗa shi da ɗafa-goshin nan na "Bakano" da "Bagobiri". Babu dangantaka tsakaninsu. Na Hadramawa yana nuna zuriyar wani kaka ne, kuma daga Larabci ya samo asali. Kamar sauti kaɗai ba ta isa hujjar cewa kalmomi biyu tushensu ɗaya ba.

Masallatai sun girmi gidajen nesa ba kusa ba. Masallacin Shafi'i da ke unguwar Mazlum yana da hasumiya da ake ƙiyasta ta kai shekara ɗari bakwai zuwa takwas, sauran ginin kuwa wani attajiri daga Indiya ne ya sabunta shi a ƙarni na 16. Akwai kuma ƙaramin Masallacin Usman ɗan Affan, wanda ake yi wa laƙabi da masallacin abanusi. Abanusi baƙin katako ne mai tauri, ɗan'uwan kanya. Ibn Jubair ya ambaci wani masallaci a Jidda mai ginshiƙai biyu na wannan katako. A shekarar 2024 hukumar da ke kula da tsohon garin ta ba da sanarwar cewa masu haƙar kayan tarihi sun gano gutsattsarin kayayyaki kimanin 25,000 a wurare huɗu, ciki har da ginshiƙan abanusi a gefen mihrabin wannan masallaci, waɗanda bincike ya nuna daga tsibirin Silan, wato Siri Lanka ta yau, aka kawo su tun a ƙarnonin farko na Musulunci.

Kowa Ya Bar Gida

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da arzikin man fetur ya zo, aka rushe ganuwa, iyalan attajirai suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni masu faɗin titi da wurin ajiye mota. Tsofaffin gidajen aka bar wa 'yan haya, mafi yawansu baƙi masu ƙaramin ƙarfi, wasu kuma aka mayar da su ma'ajiyar kayan 'yan kasuwa. Gini irin wannan kuwa kullum yana bukatar hannu. Idan aka daina shafa farar ƙasa, danshi ya shiga. Idan aka yaɓe shi da siminti, kamar yadda wasu suka yi da kyakkyawar niyya, sai danshin ya rasa mafita, dutsen ya ruɓe ta ciki. Ruwan da ke ɗiga daga bututu da na'urorin sanyaya ɗaki ya jiƙa harsashi, wayoyin lantarki da aka ja barkatai a jikin busasshen katako suka riƙa haddasa gobara. Ga kuma matsalar gado: gida ɗaya magada da yawa, kowa na jiran wani ya gyara.

Wanda ke son ya ga ƙarshen wannan hanya sai ya dubi Sawakin, a tsallaken teku ta ɓangaren Sudan. Da dutse iri ɗaya da rawashin iri ɗaya aka gina ta. Da aka buɗe tashar Port Sudan a farkon ƙarni na 20, fatake suka watse, cikin 'yan shekarun da ba su kai ɗari ba mafi yawan benayenta suka zama tsibin duwatsu.

Abin da ya ceci Jidda daga wannan shi ne an farga da wuri, ko da yake ba da wurin da ya kamata ba. A zamanin magajin gari Muhammad Sa'id Farsi, a shekarun 1970 da 1980, aka ƙidaya tsofaffin gine-gine sama da 500 aka hana rushe su. Duk da haka da dama sun faɗi ko sun ƙone kafin 2014. A shekarar 2019 gwamnatin Saudiyya ta ware riyal miliyan 50 domin ceto gine-gine 56 da ke gab da faɗuwa, a shekarar kuma ta fara ba da bizar yawon buɗe ido. Yanzu an mayar da wasu gidajen wuraren adana kayan tarihi, wasu masaukan baƙi, wasu shagunan shan gahawa. Gyaran ya yi kyau, amma yana da tasa hasarar: unguwar da aka kwashe mazaunanta aka bar wa masu ɗaukar hoto ta tsira da bangonta ne kawai. Maziyarcin da ya je da la'asar sakaliya, lokacin da zafi ya sauka, ko da dare a watan azumi, shi zai fi samun garin da sauran ransa.

Waɗanda Ba Su Bar Gini Ba

Kasuwar Alawi, mai ƙamshin turare da kayan yaji, ita ke kai mutum gabas zuwa Bab Makka. Ta wannan ƙofa ayarin raƙuma ke fita da alhazai, su yi dare biyu a hanya, su yada zango a Bahra, kafin su isa Makka. Jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 yana cin wannan tafiya cikin ƙasa da awa guda.

Cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa akwai kakannin Hausawa. Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai a shekarun 1950, mai niyyar hajji daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram yakan bi ta Barno da Wadai da Darfur, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri, wani ya shekara biyu, wani goma, wani ya zauna a Sudan har abada. Hanyar ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiya Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas. Wanda ya kai Sawakin sai ya shiga jirgin ruwa mai filafilai ya tsallaka. Larabawa suna kiran dukkan mutanen Afirka ta Yamma "Takarir" ko "Takarna", daga sunan tsohuwar daular Takrur da ke kogin Sanagal, kuma daga nan Hausa ta samo kalmar "Takari".

Waɗannan mutane ba su zauna a benayen murjani ba. Mafi yawansu sun iso da hannu biyu ne, suka yi dako a tashar jiragen ruwa, suka yi ga-ruwa, suka yi aikin ƙarfi, domin tara abin da zai kai su Makka ya kuma mayar da su gida. Matsuguninsu yana bayan ganuwa ta kudu, a wata unguwar bukkoki da tsofaffin taswirori suka rubuta da sunan Nakatu. Bukkar kara da tabarma ba ta shekara ɗari. Sabon gari ya haɗiye wurin tuntuni, kuma hekta 18 ɗin da UNESCO ta shata duk a cikin tsohuwar ganuwa suke. Bahaushen da ya tsaya a Bab Makka yana neman inda kakansa ya kwana, sai dai ya juya wa benayen baya ya dubi kudu, inda babu abin gani sai kwalta da shaguna.